Auren Kabewa

Cikin abubuwan da a ke shukawa a gida ban san wanda ya kai kabewa yawan alkawari ba, ban kuma san wanda ya kai ta saɓa shi ba. Ƙwaya uku za ka binne gindin danga, ko can bayan ɗaki inda a ke zubar da toka. Da ruwa ya zauna sai ka ga ta ɓullo da ganye kamar faifai. Kafin wata guda da rabi ta haye danga, ta hau rufin madafa, ta leƙa gidan maƙwabta ba sallama. Sa'an nan ta shiga zuba fure, rawaya, manya manya, kowace safiya sababbi. Uwargida ta duba, ta ce bana miyar taushe sai an gaji da ita. Ran nan a wayi gari a ga 'yar kabewa kamar ƙwan zabo a jikin yaɗo, a yi murna. Bayan kwana uku sai ta yi rawaya, ta yanƙwane, ta faɗo. Ta biyu ta bi ta, ta uku ma haka. Har kaka ta shigo, ganye ya bushe, abin da aka samu bai wuce ɗaya ko biyu ba, wani gidan ma ko ta ɗanɗanawa babu.

Mai albashi ya iya cewa wannan ai ba wata hasara ba ce, a aika yaro kasuwa ya sayo. Amma ba kowane gida ke da abin aikawa ba. Kabewa in ta nuna sosai, aka tsinke ta da mariƙinta, ta kan yi watanni a ƙarƙashin gado ba ta ɓaci ba, ba ta bukatar rumbu ko magani. Sa'ad da rani ya tsananta, ɗanyen ganye ya yi wuya, ita ce ke tsaya wa tukunya. Tsohuwar da ba ta da mai noma mata ta kan yanka ta yanki yanki, ta ɗora wa jika a tire, ta sami na gishiri da daddawa. Ga irin wannan, guda goma a kan danga jari ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa ya fi wannan ma nauyi. In kabewa ta zubar da 'ya'ya, mutanenmu ba su cika zargin kabewa ba, mutum su ke nema. Tsofaffin garinmu na cewa in an nuna 'yar kabewa da yatsa ba za ta zauna ba. Waɗansu su ce baki ne, wance ta shigo ta yaba. Waɗansu su ce amarya ce mai farar ƙafa. Na san gida guda a unguwarmu inda facaloli biyu suka yi damina sukutum ba su ga maciji, don an ga 'yar ɗayar tana nuna wa ƙanenta kabewar ɗayar da hannu. Yarinyar ta sha duka, ta zo makaranta idanu a kumbure, aka tambaye ta ta ƙi faɗi sai da ƙawarta ta faɗa. Shekararta tara. Abin da ya faru a jikin dangar nan ba ruwanta da shi ko kaɗan, ga kuwa hujja.

Da farko a lura da dalilin da ya sa camfin ke kama da gaskiya. Yaushe yaro ke nuna 'yar kabewa? Ran da ya fara ganinta, watau sa'ad da ta ke ƙanƙanuwa, furenta na kanta. A daidai wannan lokaci kuwa a ke yanke mata hukunci, ko ta zauna ko ta faɗi, da an nuna ta da ba a nuna ba. Wadda ta faɗi bayan an nuna ta, kowa ya riƙe. Waɗanda suka faɗi a ɓoye ƙarƙashin ganye, inda ba idon da ya gan su, ba mai lissafa su.

To, mai karatu, gobe da sassafe tafi gindin kabewarka ka tsuguna, ka dubi furannin ɗaya ɗaya. Za ka ga iri biyu ne. Akwai mai tsayawa bisa dogon siririn kara, ya ɗago sama da ganye kamar mai neman a gan shi. In ka leƙa cikinsa ka ga wani abu guda a tsaye, ka taɓa shi sai gari rawaya ya manne maka a yatsa, irin wanda manoma ke kira bununi a kan gero. Wannan namiji ne. Ɗayan kuwa karansa gajere ne mai kauri, yana kusa da yaɗo, kuma a gindinsa akwai 'yar kabewa tun bai buɗe ba. Cikinsa akwai wani abu mai kawuna, galibi uku, a nannaɗe, mai danshi da danƙo. Wannan mace ce. 'Yar kabewar da ke gindinta ba haihuwa ba ce tukuna, mahaifa ce kurum, cike da ƙwayoyin da ba su da rai sai garin namiji ya iso gare su. In bai iso ba, uwar ta kan janye abinci daga gare ta, ta yi rawaya ta faɗo.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu in mun tuna. Kowa ya san namijin gwanda, mai fure gungu gungu ba ya 'ya'ya. Masu lambunan dabino a Ingal da ƙasar Abzin sun gaji hawa bishiya su ɗauko furen namiji su sa cikin na mace. Bambancin kurum shi ne, a wajen kabewa miji da mata a gida ɗaya su ke, jikin yaɗo guda, amma kowa da ɗakinsa, ba mai iya zuwa wurin wani.

Akwai wani abu nan da ke ruɗin mutane. Mazan ne ke riga fitowa, da mako guda ko biyu, sun kuwa fi matan yawa nesa. Sai ka ga danga ta yi rawaya, furanni na buɗewa suna zuba, mai gida ya ce kabewata na zubar da fure. Ba abin da ta zubar. Furen namiji yini guda ne aikinsa, ya gama ya faɗi, haka aka halicce shi. Na taɓa ganin wanda ya bi su duka ya tsinke, wai suna shanye ƙarfin yaɗo a banza. Da matan suka fito suka tarad da gari ba kowa.

Gero da masara iska ke yi musu barbara, don garinsu ba nauyi, yana tashi kamar ƙura. Na kabewa manyan ƙwayoyi gare shi, masu nauyi da danƙo, ko guguwa aka yi ba ya tashi. Sai an sami mai ɗauka. Mai ɗaukar nan kuwa kudan zuma ne, da babban baƙin ƙwaron nan mai ƙugi da ke huda itacen rumfa, da waɗansu ƙananan 'yan'uwansu. Su ba don Allah su ke yi ba, ruwan zaƙin da ke can gindin fure su ke bi. Kuda ya kutsa cikin namiji ya fito jiki duk gari, ya faɗa cikin mace ya goga mata bai sani ba. Zuwa ɗaya ma ba ya isa. Ka fasa kabewa ka ƙirga 'ya'yan cikinta, ɗaruruwa ne, kowace ƙwaya kuwa sai da ƙwayar gari tata. In garin da ya iso kaɗan ne, ko ya taɓa kai ɗaya ya bar sauran, sai ka sami kabewa karkatacciya, gefe guda a cike, gefe guda a tsuke, ko kuwa ta fara girma ta tsaya.

Lokacin kuma ƙanƙane ne. Furen kabewa ya kan buɗe da asuba, kafin rana ta take ya rufe, in ana zafi ma tun da walaha, ba ya sake buɗewa har abada. Watau furen mace safiya guda ke gare ta a duniya. In aka wayi gari da ruwa ran nan, kamar yadda a ke yi cikin marka ta watan Agusta, zuma ba ta fito ba, shi ke nan an wuce wurin. Duma, ɗan'uwanta da a ke yin ƙwarya da shi, nasa tsarin dabam ne: furensa fari, da yamma ya ke buɗewa, masu yawon dare irin su manyan malam-buɗe-littafi ke yi masa hidima.

Dalilin bambancin nan har da asali. Duma ɗan ƙasa ne, a Afirka ya samo tushe. Kabewa baƙuwa ce daga Amurka. An tono 'ya'yanta a wani kogo a jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko, aka auna aka ga sun kai wajen shekara 10,000, watau tana cikin abubuwan da ɗan Adam ya fara shukawa a can. Ba ta ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolombus ta 1492, kamar masara da rogo da gyaɗa da barkono. A ƙasarta tana da waɗansu kudaje nata na kanta, masu gina rami a ƙasa, waɗanda ba su ciyad da 'ya'yansu da garin wani fure sai na danginta. Su kan fito tun duhu bai gama washewa ba, mazansu ma cikin rufaffen furen su ke kwana. Da ta zo nan ta baro su can, ta dogara ga zumarmu, wadda ke da wuraren zuwa da yawa.

Turawa ma sun daɗe ba su gane wannan al'amari ba. Sai a 1694 wani likita malamin jami'ar Tubingen a ƙasar Jamus, Rudolf Camerarius, ya tabbatad da shi da gwaji. Ya tsinke furannin maza na cika-gida kafin su buɗe, ya yanke gemun masara, ya ga ba a sami iri ba. Bayansa da shekara 99, a 1793, wani shugaban makaranta a Spandau kusa da Berlin, Christian Sprengel, ya buga littafi yana nuna cewa launin fure da ƙanshinsa da zaƙinsa duk kiran ƙwari ne su zo su yi barbara. Shekara na kewayowa aka sallame shi daga aiki, ana zarginsa da barin yara yana bin furanni. Littafin ya kwanta ba mai kula da shi sosai, sai da Darwin ya zo ya ɗaga shi. Ni da ni ke sana'a ɗaya da shi ba zan ce hukuma ba ta da hujja ba, amma da ya shiga da yaran cikin lambun tare da shi, da ya tsira da duka biyu.

Haka na yi da nawa ajin, don an ce inda ba ƙasa nan a ke gardamar kokawa. Kowa na iya yin gwajin nan a gida. Da la'asar ka nemi furen mace biyu waɗanda bakinsu ya fara rawaya, alamar gobe za su buɗe, ka ɗaure bakin kowanne da zare don kada ƙwaro ya shiga. Da safe ka kwance ɗaya ka sa masa garin namiji ka mai da ɗauri, ɗayan ka bar shi a ɗaure. Na sa yara suka yi layi, kowa ya nuna wadda aka sa wa gari da yatsa, har da masu hannu biyu. Ɗayar kuwa na hana ko kallonta. Wadda aka nuna ta girma har yaro ɗaya bai iya ɗaukarta shi kaɗai, wadda aka kare daga ido ba ta kwana biyar ba. Yarinyar da na ambata tana cikin layin, ita ce ma ta kai labari gida.

Yadda a ke sa garin ba wuya. Bayan sallar asuba, da gari ya waye, tsakanin ƙarfe 6 da 8, kafin rana ta yi zafi, ka tsinko namijin da ya buɗe a safiyar nan, ba na jiya ba. Ka yage rawayan ganyen da ke kewaye da shi, ya rage kara da kansa mai gari, kamar alƙalami. Ka shafa shi a hankali bisa kawunan macen, kowane kai ya samu, kada ka murza har ka raunata ta. Namiji ɗaya ya ishi mace biyu ko uku, amma in suna da yawa sa biyu ga mace ɗaya ya fi. In raɓa ko ruwa ya jiƙa garin, jira ya sha iska. In kuwa naka yaɗon ba namiji ran nan, roƙo a maƙwabta, amma ka nemi mai irin taka, don kabewa kashi kashi ce, wata ba ta karɓar garin wata. Kwana biyu ko uku za ka san sakamako: wadda ta ɗauka ta kan yi sheƙi, ta kumbura, karanta ya yi ƙarfi ya sunkuya.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mai kabewa a kan rumfa, ta daɗe tana kukan zubewa, na shiga na yi mata da izinin ɗanta. Ta tsaya tana kallona riƙe da buta, ta ce, "Malam, yanzu kai da girmanka da karatunka, ka yi sammako kana ɗaura wa kabewa aure? To, wa ya ba da sadaki?" Na ce, "Inna, ku dai ku ba ni kwana uku." Da kwana ukun suka cika ta aiko jikanta ya kira ni, na tarar ta ɗaura wa kowace tsumma don kada ta manta waɗanda aka taɓa. Amma ba ta sallama duka ba. Ta ce, "Ɗan nan, na gani. Sai dai iyayenmu ba su yi wannan ba, kabewa kuwa har ruɓewa ta ke yi musu a soro."

Gaskiya ta faɗa, maganarta kuwa ita ce gindin al'amarin. A zamanin da ta ke faɗi, ka fita bayan gari ka ga amya a rataye bisa ɗorawa da kuka, zuma na kwana kusa da gidaje. Yau inda itatuwan su ke an yi gine-gine, waɗanda suka rage sun tafi gawayi. Mai neman zuma a kogon itace ya zo da wuta ya ƙone gidan duka don saƙa ɗaya. Ga kuma maganin feshi, wanda bai san ƙwaron kirki da na banza ba. Mutum ya ga jajayen ƙwari na cin ganyen kabewarsa, ya ɗauko famfo da hantsi, sa'ad da furanni ke buɗe zuma na ciki, ya feshe su gaba ɗaya, sa'an nan ya zauna yana mamakin rashin 'ya'ya. In feshin ya zama tilas, a bari sai da yamma liƙis, furanni sun rufe, zuma ta koma gida. Hanya mafi sauƙi ta sanin ko kana da masu aiki ita ce ka tsaya minti goma gindin rumfa da sassafe. In ba ka ji ƙugi ba, aikin ya dawo hannunka.

Amma fa kada a ɗauka duk zubewa daga rashin barbara ne. Akwai kabewar da ba ta fid da mata sam, sai maza da ganye. Wannan sau da yawa ƙoshi ne ya yi mata yawa. In an cika mata kashin kaji ko takin zamani irin na uriya, sai ta zuba ƙarfinta cikin yaɗo, ganye ya yi kore shar har da duhu, haihuwa ta jinkirta. Inuwa ma na sa haka. Zafi kuma babban maƙiyi ne: in rana ta wuce digiri 32 a ma'aunin Selsiyas kwana da kwanaki, dare kuma bai yi sanyi ba, furen mace ya kan mutu tun yana toho, garin namiji ya yi rauni. Wanda ya shuka ta a lambu ta zo fure cikin Afrilu, sa'ad da zafin Kano ko Sakkwato ke kai 40, kada ya zargi kowa. Ƙishirwa ma haka, musamman a bar ta ta bushe sa'an nan a kwarara mata ruwa. In kuwa yaɗo ya riga ya ɗauki manya biyu ko uku yana reno, ya kan zubar da na baya da gangan, don ya san iyakar abin da zai iya ciyarwa. Wannan ba cuta ba ce.

Saboda haka duk wadda ta faɗo, kada ka jefar, ɗauko wuƙa ka tsaga. In cikinta fari ne tas, ƙwayoyin ba su kumbura ba, barbara ce ba ta samu ba. In bakinta wajen da fure ya bushe ya yi laushi da baƙin gashi gashi kamar funfuna, laima ce ta yi yawa, rage ganye iska ta shiga, ka ɗaga 'ya'yan daga ƙasa bisa tsingaro ko busasshiyar ciyawa. In kuwa ka ga ɗan tabo a fata kamar sukar allura, da ɗan ƙaro a bakinsa, ciki kuma fararen tsutsotsi, to wannan aikin wani ɗan ƙuda ne, ja-ja mai ɗigon rawaya, bai fi ƙudan gida girma ba. Macen ke huda fatar tun tana taushi ta zuba ƙwai. Shi ne ke ɓata wa masu kankana da kokwamba ma. Tsutsar in ta ƙoshi sai ta sauka cikin ƙasa, bayan 'yan kwanaki ta fito ƙuda, ta koma kan na sama. Wanda ya bar ruɓaɓɓun a gindin yaɗo kiwonsa ya ke yi. A tattara su kullum a binne cikin rami mai zurfin ƙafa 2, ko a fasa wa kaji. Wadda ka yi wa barbara kuwa, da furenta ya rufe, sa mata jakar takarda ko tsohon ƙyalle sako-sako, har fatarta ta yi tauri.

Sauran magana ɗaya, ta iri. Waɗansu na tsoron shuka kabewa kusa da duma ko kankana, wai za ta ɗauko ɗacin wannan ko ruwan waccan. Ba sa haɗuwa, danginsu ya yi nisa. Ko tsakanin kabewa da kabewa, garin baƙo ba ya sāke kamannin wadda za ka ci bana, a cikin ƙwayoyinta ya ke ɓoye, sai baɗi in ka shuka za ka ga abin da ya fito. Don haka in kana da iri mai kyau, mai jan ciki da gari, kana so ya dawwama, kada ka bar zaɓi ga zuma. Ɗaure mace da namiji na wannan irin tun da la'asar, ka haɗa su da safe, ka mai da ɗaurin macen, ka sa wa karanta alama da jan zare. Ita za ka bari ta nuna sarai a jikin yaɗo har mariƙinta ya bushe, ka wanke ƙwayoyin, ka shanya a inuwa, ka zuba cikin gora da ɗan toka. In kuwa wata ta tsiro da kanta a juji, ka yanka ka lasa ka ji ɗaci, kada a dafa, kada a ba yara, kada kuma a ajiye irinta, don ɗacin nan guba ne, wuta ba ta kashe shi.